Sawu a Ƙarƙashin Sawu

Wata ranar Alhamis cikin bazara, a shekarar da yaƙin Turawa ya yi tsanani har aka rufe iyaka tsakanin ƙasar Faransa da ta Ingilishi, gardawan bariki, dogaran Nasara masu jar hula, suka iso Tungar Marke da raƙuma shida. Sun zo kwasar hatsi daga rumbun tsimi. Wannan rumbu Kumandan, baturen mulki na Dogon Dutsi, ne ya tilasta wa kowane gari ginawa tun bayan babbar yunwa. Kowane magidanci ya zuba dammansa, aka ce ajiya ce don ranar wuya, kuma a ciki za a ɗebi iri idan ruwa ya sauka. Bana sai ga takarda ta ce a kai hatsin ga masu aikin hanya.

Rumbun yana bayan dutse, nesa da gidaje, saboda gobara. Sarzan Ado, shugaban gardawan, ya sa aka ɗage jinka. Damman sama lafiya lau. Da aka janye su, sai ga kara da ƙaiƙayi har ƙasa.

Mutanen gari suka yi cirko-cirko. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, don irin da za ta shuka ke nan ya tafi. Sai wani ya nuna ƙasa. Ko'ina a gindin rumbun sawun shanu ne, ba wurin da za ka aza tafin hannu.

"Buba ne!" in ji wani daga baya. Kafin a ce me, bakin kowa ya ɗauka.

Buba Bafulatani ne, rugarsa tana gabas da gari shekara tara. Aka jawo shi daga cikin shanunsa, gardawa suka yi masa dukan da ya fasa masa baki, aka sa ƙafarsa a turu, gungumen ɗaure masu laifi, a zauren mai gari. Sarzan ya ce zai zaga sauran garuruwa ya komo ran Lahadi. Ko hatsi ya fito, ko Buba ya tafi kurkukun Dogon Dutsi. Kafin ya hau raƙumi ya aika Matankari a kira Gambo mai bin sawu.

*

Gambo ya haura hamsin. Ɗan mafarauta ne, kuma a Tungar Marke aka haife shi kafin zama ya mayar da shi Matankari. Ƙanwarsa da 'ya'yanta biyar suna Tungar Marke har yanzu. Duk Arewa an san shi da abu biyu: ba ya ɓatar da sawu, kuma ba ya faɗin abin da bai gani ba.

Ya iso Juma'a da hantsi. Mai gari Gado ya tare shi a ƙofar gida. Sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya, bukka ɗaya suka yi jinya. A gaban jama'a Gambo ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe." Da suka keɓe, Gado ya dafa kafaɗarsa.

"Gambo, ka ga abin da ya same mu. Ni zuciyata ba ta ba ni Buba ne ba. In ka bi tawa, ka duba kudu. Tun da anka rufe iyaka, masu fataucin ɓoye sun yi yawa."

"Ƙasa za ta faɗi," in ji Gambo.

Ya fara da Mani, dattijon da ke tsaron rumbun. Ya same shi a gindin marke, idanunsa sun yi ja.

"Malam Mani, yaushe rabonka da duba cikin rumbu?"

"Tun kaka. Hatimin bariki shina bisa, wa zai taɓa? Suna cewa na yi barci. Ban yi barci ba, Gambo. Shammatata anka yi. Wanda ya yi wanga aiki ya san ranar da ba ni nan."

"Wace rana ce ba ka nan?"

"Asabar da Lahadi da sunka wuce. Mai gari ya aike ni Matankari da saƙo, kamar kullum. Kuma ranakun ne anka kwashe maza duka zuwa aikin hanya. Daga mata sai tsofaffi a gari."

Gambo ya jinjina kai. Ya shiga zauren mai gari. Buba yana kwance a ƙasa, idon sawunsa ya kumbura ya cika ramin turun. Matarsa Hure tana zaune a bakin ƙofa da ƙwaryar fura da bai iya sha ba.

"Sannu, Buba. Mi ya kai shanunka gindin rumbu?"

"Taki, malam. Mai gari ya ce in kai su gonarsa ta bayan dutse su kwana uku. Kowace shekara haka muke yi da manoma."

"An ce an ga matarka tana dakan hatsi, alhali gari na cin ganye."

Hure ta ɗago kai. "Nono na kai kasuwar Sukukutane, na samo mudu biyu. Matan garin nan sun sani, tare muka dawo. Amma jiya ba wadda ta buɗe baki. Shekara tara ina zuba musu nono, 'ya'yansu a cinyata suka girma. Wannan ba kuskure ba ne, baba. Zamba aka shirya mana."

"Wa ya shirya?"

"Da na sani ai da ba na zaune nan."

Gambo ya miƙe zai fita, sai Buba ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Abu ɗaya dai. Wurin nan yana da iska. Shanuna ba sa gardama, amma daga rumbu zuwa bakin kwazazzabo sun ƙi tafiya. Suka tsaya suna ta kewaya, suna lasar ƙasa. Na yi duka, na yi kira, a banza. Na ce Doguwa, aljanar dutsen, ce ta riƙe su."

*

Da la'asar magana ta juya. Wasu suka riƙa jan Gambo gefe suna raɗa masa sunan Mahmuda, wani ɗan kasuwar Dogon Dutsi da ya kafa rumfa a garin shekara biyu. An ce yana sayen hatsi a ɓoye yana ƙetarawa da shi wajen Kabi. Kuma lalle Gambo ya ga sawun raƙumi ɗaya ya fita daga bayan rumfarsa ya yi kudu. Ya bi shi har ya yi nisa. Sawun bai nutse ba, raƙumin ba ya ɗauke da komai sai mahayi. Ya dawo a gajiye.

Mahmuda ya buɗe masa ɗakin ajiya da kansa. Gishiri, allurai, busasshen goro, da ragowar kanwa a cikin wani babban buhu da ya kusa ƙarewa. Ko zangarniya ɗaya babu.

"Na san abin da suke faɗi," in ji Mahmuda. "Baƙo ne ni, dole a ambace ni. Ba na musu, malam Gambo, ina da wayo. In ka kawo akuya zan nuna maka ramarta, in ɓoye maka ƙibarta, mu daidaita kana dariya. Wannan wayo ne, ido na ganin ido. Amma in kwashe irin da gari zai shuka? Wannan cuta ce. In sun mutu da yunwa, wa zan sayar wa allura?"

Gambo ya fita. Ya koma gidan ƙanwarsa, ta ba shi tafasasshen ganye da ɗan ƙuli-ƙuli a kai. Yaran suka zuba masa ido har ya ture musu ƙwaryar.

*

Asabar da sassafe, lokacin da rana take kwance har kowane ɗan rami yake da inuwa, Gambo ya koma gindin rumbu shi kaɗai. Ya daɗe a tsugune. Shanun da ake korawa layi suke yi, sawu bisa sawu, kai a gaba. Waɗannan kuwa sun yi ta juyawa ne, nan da can, kamar masu neman abu. Kuma juyawar ba ta bazu ko'ina ba. Ta bi wata siririyar hanya, faɗinta bai fi taku shida ba, daga rumbu har bakin kwazazzabo.

Ya ɗebi ƙasar wurin ya shinshina. Ya aza a harshe. Ya tofar, ya matsa gaba taku ashirin, ya sake ɗanɗanawa. Sannan ya fita daga hanyar ya ɗanɗana ƙasar gefe. Ta gefen ƙasa ce kawai. Ta kan hanyar kuwa tana da kaifin kanwa.

Ba Doguwa ba ce ta riƙe shanun. Wani ne ya daka kanwa ya barbaɗa, don su tsaya su tattake abin da ke ƙarƙashi. Makiyayi ba zai zubar da kanwa a ƙasa ba a shekara irin wannan, a ƙwarya yake bai wa dabba tana lasa.

Ya sauka cikin kwazazzabon, inda shanu ba su shiga ba. A can, ƙarƙashin wata gaɓa da iska ba ta kai wa, ya sami abin da yake nema: sawun jakuna huɗu, masu zuwa sun nutse, masu komowa ba nauyi, sahu a kan sahu. A gefensu sawun mutum ɗaya. Gambo ya dube shi sau ɗaya ya kau da kai. Ƙafar hagu tana ɗan buɗewa waje. Tun suna yara ya san wannan tafiya.

Duk da haka ya bi. Sawun ya kai shi wata tsohuwar rijiya a kufai, wadda ta ƙafe tun zamanin kakanni. An rufe bakinta da itace da kara, an watsa ƙasa a kai, an ja ƙaya. Ya ɗaga kara ɗaya. Ƙanshin hatsi ya bugi hancinsa. Ya mayar da karan yadda yake, ya zauna a bakin rijiyar har rana ta take.

In ya faɗa wa Sarzan, gobe raƙuma za su kwashe hatsin, ruwa ya sauka ba abin shukawa, 'ya'yan ƙanwarsa su shiga cikin waɗanda za a binne. In ya yi shiru, Buba zai tafi Dogon Dutsi da wannan ƙafa, kuma kowa ya san yadda ake fitowa daga can.

A kan hanyar komowa ya tsaya rumfar Mahmuda.

"Buhun kanwarka ya kusa ƙarewa. Wa ya saye?"

"Mai gari. Ya ce dokinsa ne ba ya cin abinci." Sannan Mahmuda ya ƙara da cewa a hankali, "Na dai yi mamakin doki ɗaya da rabin buhu."

*

Bayan la'asar Gambo ya roƙi mai gari a taru a zaure. Mani ya zo, Mahmuda ya zo, da liman da dattawa huɗu. Buba yana nan a turu, Hure a bakin ƙofa. Gambo ya sa aka saki asabari.

Ya kwance bakin zanensa, ya zuba ƙasa a tafin Mani. "Ɗanɗana."

Mani ya ɗanɗana. "Kanwa."

Gambo ya faɗi abin da ya gani daki-daki: shanun da suka juya, jakuna huɗu, mutum ɗaya. Bai ambaci rijiya ba, bai ambaci suna ba. Ya ce kawai, "Wanda ya yi shina cikin zauren ga. Na fi son shi faɗi da bakinshi."

 Mahmuda ya sunkuyar da kai. Mani ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai idonsa ya tsaya a kan mai gari, bakinsa ya buɗe.

"Ni ne," in ji Gado. "Ni da jakunana, kwana biyu. Hatsinku shina nan cikin tsohuwar rijiyar kufai, ko dami ɗaya bai ɓata ba."

Liman ya ce, "Inna lillahi."

"Ku saurare ni. Tun watan jiya na ji a bariki za a kwashe rumbunan tsimi. Ni na ga babbar yunwa da idona. Ni na binne uwata da ɗiyana biyu cikin mako guda. Na rantse ba zan sake ganin haka ba ina da rawani a kai. In na yi shawara da ku, wani zai faɗa wa matarshi, kafin kwana uku bariki ta ji. Sai na yi dabara. Nasara ya fi mu bindiga, da mi za mu rinjaye shi in ba dabara ba?"

Wani dattijo ya gyaɗa kai. "Wallahi dabara ce. Ya ceci gari."

"Har bakin kwazazzabo dabara ce," in ji Gambo. "Ni ma da na ga hatsin na gode Allah. Amma ba Nasara kaɗai ka yi wa ba, Gado. Mani ka shammace shi, dattijo ya kwana biyu ana kiranshi raggon da ya yi barci. Ni ka so ka yaudare ni, ka tura ni kudu. Waɗannan da sauƙi, mu naka ne. Buba fa?"

"Ban nufe shi da sharri ba! Sawu kawai na so shanunshi su share. Na ɗauka za a ce 'yan iyaka ne."

"Na yarda. Ka yi mishi wayo, ka ari ƙafafun shanunshi bai sani ba. To, ran Alhamis da anka ambaci sunanshi, kana ina?"

Gado ya kau da kai, Gambo ya ci gaba.

"Kana tsaye. Anka fasa mishi baki kana tsaye. Turun ga a zaurenka shike, kwana biyu kana wucewa ta kanshi kana zuwa masallaci. Wannan wane suna za ka ba shi?"

"Na ce in anka kai shi bariki zan bi baya in yi roƙo."

"Wa ka taɓa gani roƙo ya fiddo?"

Hure ta yi magana daga bakin ƙofa, ba ta ɗaga murya ba. "Mai gari, ranar da ka aiko a kawo shanu, ni na dama maka fura da hannuna. Ka sha, ka sa albarka. Kai ka kira shi dabara. A wurinmu cin amana sunansa."

Gado ya rufe fuska da hannu biyu. Ba wanda ya taɓa ganinsa haka. Da ya sauke hannun, sai ya tashi, ya ɗauko guduma a lungu, ya durƙusa gaban Buba, ya fitar da itacen da ya kulle turun da kansa. Ya riƙe kumburarriyar ƙafar ya zare ta a hankali.

"Buba, ka yafe mini."

Buba ya daɗe yana kallon rufin zaure. "Ka bari ƙafar ta huce tukuna," in ji shi.

Liman ya ce, "To, gobe fa? Sarzan zai zo. Ko hatsi, ko mutum."

"Zai samu mutum," in ji Gado. "Za ku ce na sayar wa fatake sun ƙetare iyaka. Ba wanda zai tono rijiya sai ruwa ya sauka." Ya juya wajen Gambo. "Saura kai. Kai za a tambaya, kuma kai ba ka faɗin abin da ba ka gani ba."

Duk suka zuba wa Gambo ido. 

*

Lahadi da hantsi Sarzan Ado ya iso. Ya ga Buba a zaune a waje, ya ga mai gari tsaye ba rawani, ya ɗaure fuska.

"Gambo, mi ka gani?"

"An barbaɗa kanwa don shanu su share sawu. Ƙarƙashi jakuna huɗu ne da mutum ɗaya. Mutumin mai gari ne, ya amsa da bakinshi. Bafulatanin ba ruwanshi."

"Hatsin fa?"

Shekara talatin Gambo yana wannan aiki. Ya dubi Sarzan ido cikin ido.

"Sawun ya hau fako, ya yi kudu. Nan ya ɓace mini."

"Kai? Sawu ya ɓace maka?"

"Na tsufa, Sarzan."

Sarzan ya daɗe yana kallonsa. Shi ma ɗan manoma ne daga wajen Tibiri. Ya dubi matan da suka yi layi a jikin danga da yara a goye, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa kwana biyun nan. Ya tofar da yawu.

"Haka zan faɗa wa Kumandan. Ku ɗaure wannan."

Aka sa wa Gado igiya a ƙugu, aka ɗaura a sirdin raƙumi. Da zai wuce gaban Gambo ya tsaya.

"Ka duba mini gida."

"Zan duba."

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka. Dattawa suka buɗe rijiyar, kowane gida ya karɓi dammansa, aka yi shuka cikin kwana uku. Aka ware dami biyar aka kai ruga, matan gari suka bi da ƙorai a ka suna ba Hure haƙuri. Ta karɓi gaisuwarsu, ta shimfiɗa musu tabarma. Da ƙafar Buba ta iya taka ƙasa, suka ɗaure kayansu a kan takarkari suka yi arewa. Damman biyar aka same su a jingine inda bukkarsu take, ba a kwance ko ɗaya ba.

Gambo bai ƙara amsa kiran bariki ba. Ya dawo Tungar Marke ya nome gonar Gado tare da tasa. Damina ta yi kyau a wannan shekara. Ranar da ake ɗaurin damma, yana tsakiyar gonar, sai ga wani gardi a kan raƙumi ya tsaya a bakin kunya. Ya miƙo masa wani ɗan ƙunshi: riga ce da carbi. Ya ce mai su, Gado, ya rasu a aikin fasa dutse, kwana shida ke nan, kuma ya ce a kawo wa Gambo.

Gambo ya karɓa da hannu biyu. Ya ajiye igiyar ɗaurin, ya nufi gari don ya faɗa wa matan gidan Gado kafin su ji a bakin wani.